Miyar Japan a Gidan Nomau

A daminar da Zayyanu ya dawo daga Japan, mutum uku ne a gidan Nomau da ke ƙauyen Kwanar Tsamiya: shi Nomau, da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Iya. Nomau manomi ne ƙaƙƙarfa, gemunsa ya soma furfura, kuma ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya ne ya raba shi da sauran mutane. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, daidai yadda aka faɗa, kuma yana yin sa da murna kamar wanda aka yi wa kyauta. Tabawa ta daɗe da sanin haka, shi ya sa kafin ta aike shi takan tsaya ta juya maganarta a baki, ta tabbatar ba ta bar mata wata kafa ba.

Iya kuwa a zamaninta ita ce mai girkin biki a ƙauyen. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba tare da an ɗora tukunyarta ba. Da tsufa ya zaunar da ita, sai ta kafa wa kanta doka: ba ta cin girkin kowa sai nata, ko na Tabawa wadda ta horar da hannunta. In maƙwabta suka aiko da kwano takan buɗe, ta shinshina, ta faɗi abin da ya yi yawa da abin da ya yi kaɗan, ta mayar wa mai shi. A wannan daminar zazzaɓi ya kwantar da ita. Ya sake ta daga baya, amma ya tafi da ɗanɗanon bakinta, sai da lallashi Tabawa ke samu ta ci loma biyu.

Ana cikin haka labari ya zo daga Kano cewa 'yarsu Hanne ta haifi ɗa namiji, amma sai da aka yi mata aiki. Wankan gidan da aka shirya ya rushe, domin likita ya hana ta doguwar tafiya, dangin mijinta kuma suna can Yola. Dole Tabawa ta je ta zauna da ita. Zayyanu, ƙanin Tabawa, wanda aka tura Japan koyon noman shinkafa, shi ya zo ɗaukar ta a mota. Ya same ta tsaye a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, ta kasa fita.

"Wa zai ciyar da Iya?" in ji ta. "In na tafi ta ƙi cin abinci, dole in baro yarinyar nan da ɗinki a ciki in dawo."

Zayyanu ya yi dariya. Ya koma mota ya kinkimo wani kwali, ya dire a gaban Nomau. Cike yake da 'yan ledoji masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa.

"Yaya, je ki yi sallama da Iya, ki bar ni da mijinki. Wannan matsala tun a Japan aka gama da ita." Ya juya ga Nomau. "Mijin yaya, matso ka ga ikon Allah. Sunanta miso. Daddawarsu ce ta waken suya, aka busar da ita da 'yan gutsattsarin awara da albasa da ganyen cikin teku. Ba daka, ba jajjage, ba tsayuwa a kan murhu. Ruwan zafi kawai!"

Idanun Nomau suka yi waje. Zayyanu ya yage leda da haƙori, ya zazzage a kwano, ya ɗauko butar shayi ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya fantsar masa a babban yatsa. Ya ce, "Wash!" ya yarfe hannu, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ya juya miyar da cokali, tururin ya shige masa hanci, ya yi atishawa. Sannan ya haɗa tafin hannuwansa, ya ɗan rusuna kamar yadda ya ga ana yi a can, ya ɗaga kwanon ya shanye tas.

"Ka gani? Yadda ka ga na yi, haka za ka yi. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Tabawa na cikin ɗakin Iya a lokacin. Da ta ji wannan magana, da ba ta shiga motar ba sai ta gyara ta.

Wata rana, wato kashegarin tafiyar, Nomau ya tashi da zumuɗi ya hura wuta. Ya shimfiɗa wa Iya tabarma a bakin ƙofarta don ta ga abin mamaki da idonta. Ya yage leda da haƙori, ya zazzage, ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya shiga kwano lafiya lau bai taɓa shi ba. Nomau ya tsaya ya yi tunani, sannan ya miƙa babban yatsansa ƙarƙashin bakin buta. "Wash!" ya ce, da gaskiyarsa kuwa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ya juya miya, ya sunkuyar da hanci cikin tururi yana jiran atishawa. Atishawa ta ƙi zuwa. Ya jira har miyar ta huce. Ya zubar wa kaji, ya sake daga farko, da ɗaya yatsan. A wannan karon ya tanadi garin barkono a gefe, ya shaƙa. Atishawa ta zo, amma ba ita kaɗai ba, ta zo da 'yan'uwanta a jere har hularsa ta faɗi.

"Na ƙara," ya ce cikin damuwa, hawaye na zuba. "Zayyanu sau ɗaya ya yi."

Sai a karo na gaba komai ya tafi daidai. Duk wannan lokaci ƙamshin yana isa wurin Iya, kuma gaskiyar magana ƙamshin ya ɗan taɓa ta. Akwai wani abu a cikinsa mai kama da daddawa, amma ba ita ba, kuma Iya ba ta son a ce akwai miyar da ba ta san sirrinta ba. Har ta gyara zama. Nomau ya kawo kwanon gabanta da hannu biyu, ya haɗa tafukansa, ya rusuna, ya ɗaga ya shanye tas. Ya lashe leɓe.

"Iya! Wallahi akwai daɗi!"

"Auta," in ji Iya, domin haka take kiran sa har yau, "ni fa?"

"Ai Zayyanu bai ba kowa ba, Iya."

Iya ta dube shi, ta dubi kwanon. Ta ja jiki ta koma ɗaki, ta juya fuska ga bango. Daga nan ta ce ita da miyar leda har abada, ta koma goro da ruwa da ɗan dabino.

Da yamma Tabawa ta bugo waya. Nomau ya ba ta labari tiryan-tiryan, yana alfahari da yatsunsa biyu da suka yi bororo. Tabawa ta ce, "Malam, Iya za ka ba. Ita za ta sha, ba kai ba." Zayyanu ya karɓi wayar yana ƙyaƙyata dariya. "Mijin yaya, bar ƙona hannunka! Juya bayan ledar, akwai hoto. Bi hoton kawai."

Wata rana Nomau ya zauna a inuwar rumbu ya ƙura wa bayan leda ido. Hotuna ne ƙanana a jere: jar buta tana tsiyayar da ruwa, baƙin kwano yana tururi, da wasu tsinkaye biyu a kan kwanon. Baƙin kwano bai ba shi wahala ba, akwai akushin Iya a rataye. Tsinkaye ya samo wurin mai tsire. Jar buta ce ta zama aiki. Ya bi gida-gida yana sallama, ana fito masa da shuɗiya, da koriya, da mai zane-zane, yana girgiza kai. A duk Kwanar Tsamiya jar buta ɗaya ce, ta roba, ta Liman Malam Hudu, wadda wani baƙo ya bar masa tsaraba. Liman ya ɗauka alwala za a yi, ya ba shi da fara'a.

Nomau ya cika ta da ruwa ya ɗora a kan wuta. Ya tsuguna yana kallo cike da sha'awa yadda ta fara laushi, ta karkace, ta durƙusa, ta kashe wutar da ruwan cikinta. Ya ɗauki abin da ya rage da kara ya koma masallaci.

"Allah gafarta Malam, ga butarka. Ba ta jure ba."

Liman ya juya dunƙulen robar a hannu, ya nemi bayani, aka ba shi. Ya san Nomau tun suna yara.

"Je ka wurin Sale mai shayi," ya ce a hankali. "Tasa ta ƙarfe ce."

Butar Sale baƙa ce ƙirin saboda hayaƙi, Nomau ya ce ba ita ce a hoto ba. Sale mutum ne mai saurin gane hanya. Ya cire jar hularsa ya kifa wa butar a ka. "To, yanzu fa?" Nomau ya gwada da hoton, ya ga ja ya samu, ya yi ta godiya. Ya dawo gida da gudu da akushi yana tururi, ya dire gaban Iya, ya ɗora mata tsinkaye biyu a kai, ya ja baya yana murmushi.

Iya ta ɗaga tsinke ɗaya ta duba.

"Ina cokali?"

"Babu cokali a hoton, Iya."

"Da wannan zan sha ruwa? Ni ka mayar tsire?"

"Mutanen Japan fa da shi suke sha!"

"To kai musu."

Ta haɗa tsinkayen biyu ta ɗana masa a ƙauri. Bugun ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kamar kaza ta taɓa shi da fiffike. Nomau bai kula da wannan ba a ranar. Ya ɗauki akushin ya fita, ya yi ta fama da tsinkaye har la'asar, ya samu ya tsamo awara guda.

Wata rana ya sake kiran Zayyanu ya kai ƙara cewa an bi hoto amma Iya ta ƙi. Zayyanu yana cikin abokansa a lokacin, kuma in yana cikin mutane ba ya iya ambaton Japan a taƙaice.

"Ai Iya ba ta san darajar abin ba ne! Wannan miya ta masu sauri ce. A can za ka ga mutum yana shan ta a tasha, a tsaye, jirgi na jiran sa, ya kurɓe ya wuce!"

"A tasha?"

"A tasha mana!"

"A tsaye?"

"A tsaye ƙiƙam!"

Sai layin ya katse. Nomau ya buga cinya. Ashe duk wahalar nan wurin ne ba daidai ba! Ya ari baro wurin maƙwabci, ya shimfiɗa bargo a ciki, ya cika fulas da ruwan zafi, ya soke leda a aljihu. Ya shiga ɗaki ya sunkuci Iya tana salati, ya zaunar da ita a baro, ya rufa mata mayafi. Da yake an ce ta masu sauri ce, sai ya zuba da gudu.

Kowa a ƙauyen ya san Iya ba ta da lafiya. Da aka ga ɗanta ya turo ta a baro yana gudu yana ihu, "Hanya! Hanya!" ba wanda ya tsaya tambaya. Mata suka fito daga gidaje suna salati, wasu har sun fara kuka. Maza suka bar fartanya a gona suka bi baya. Kafin a kai tasha rabin gari na biye da baron. A tasha akwai mota ɗaya da ta cika tana shirin tashi. Direban, wani mai suna Garzali, ya hango taron ya daka wa fasinjojinsa tsawa su sauka, ya sa aka kwance buhunan da ke kujerar baya, ya buɗe ƙofa.

"Sa ta a nan! Babban asibiti ko na sha-ka-tafi?"

"A'a," in ji Nomau yana haki, fuskarsa cike da annuri. "Miya za ta sha."

Ya tsayar da Iya a kan ƙafafunta, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya yage leda, ya haɗa miya a murfin fulas, ya miƙa mata.

"Yi sauri, Iya, mota na jira!"

Iya ta dubi jama'ar da ta yi wa girki shekara da shekaru, ga su sun kewaye ta, wasu da hawaye a fuska, wasu sun fara toshe baki. Ta gyara mayafinta, ta koma cikin baro da kanta ta zauna kamar mai hawa karaga.

"Mai da ni gida," ta ce.

Garzali ya fizge murfin fulas daga hannun Nomau ya shanye a tsaye, don haushi. Ya tsaya, ya lashi baki. "Kai, ba laifi fa," ya ce, sannan ya tuna da fushinsa ya koma yana zagin buhuna.

A hanyar dawowa Nomau bai yi gudu ba. A nan ne ya lura da abin da bai lura da shi ba wajen zuwa: baron ba shi da nauyi. Ya sha tura damin kara da ya fi wannan. Ya dubi wuyan hannun Iya a kan bargo, ya ga yadda ya rame.

Wata rana da safe Tabawa ta kira, labarin tasha ya riga ya kai Kano. A bayan muryarta ana jin kukan jariri.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Kada ka sake kiran Zayyanu. Ka haɗa miyar a kwanon gida, da cokali. Ka ajiye a gabanta. Ka zauna. Kada ka tashi daga gabanta sai ta sha."

Ta juya maganar kafin ta faɗa, kamar kullum, amma ba ta yi barci sosai ba kwanakin nan. Nomau ya haɗa miya, ya ajiye a bakin ƙofar Iya, ya zauna a ƙasa a tsakar gida yana fuskantar ta. Iya ta juya hagu, ya ja gindi ya koma hagu. Ta juya dama, ya bi ta. Ta tashi da sanda za ta kewaya, ya riƙa ja da baya a zaune a gabanta har bakin banɗaki, ya jira, ya rako ta a haka. Awaki suka lura ba mai kora, suka shiga madafa suka ture kwandon gero. Nomau ya ce musu "Kai! Kai!" daga inda yake, suka dube shi suka ci gaba.

Da hantsi hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iya na daga ciki, Nomau na waje a cikin taɓo, rigarsa ta manne masa a jiki, haƙoransa na kaɗawa, yana murmushi.

"Auta, shigo."

"Sai kin sha, Iya."

"To tashi ka fake a zaure."

"Tabawa ta ce kada in tashi."

Iya ta daɗe tana kallon sa. Duk taurin kanta, ita ta haife shi. Ta miƙa hannu ta jawo kwanon, ta kai baki, ta dangana shi da leɓɓanta a rufe, ta ajiye.

"Na sha. Tashi."

Nomau ya yi wuf ya miƙe, ya ruga zaure ya kira Kano. "Ta sha! Tabawa, ta sha!"

"Alhamdu lillahi! Kamar yaya ta sha? Duba kwanon, me ya rage?"

Ya leƙo ya duba. Kwanon na nan a bakin ƙofa, ruwan indararo na ɗiga a ciki.

"Ya ma ƙaru."

Da Tabawa ta sake magana muryarta ta sauya.

"Yarinyar nan ko tashi zaune ba ta iya yi sai na ɗaga ta. Amma ba zan bari tsohuwa ta mutu da yunwa ba. Ranar kasuwa zan shigo mota."

Nomau ya ji wata murya daga nesa, muryar 'yarsa, tana cewa, "Inna, tafiya za ki yi?" Sai wayar ta mutu.

Wata rana, ita ce ranar kasuwar, Nomau ya shiga ɗakin Iya da sassafe da kwano a hannu ya durƙusa. Ba shi da wata dabara kuma, ba wanda ya ba shi sabon umarni. Roƙo kawai ya yi ta yi, cokali ɗaya, rabin cokali, ko don jaririn nan da ba ta gani ba tukuna. Iya na kwance, idonta a rufe. Da ya ishe ta sai ta ɗaga hannu a gajiye.

"Ka dame ni da miyar nan. Kwashe ta duka, ka tara gari ka ba su su sha. Ni dai ka rabu da ni."

Fuskar Nomau ta washe. Ga umarni ya samu, a fili, ba kwana-kwana. Ya fita da sauri ya sami mai shela ya ce a sanar da gari cewa Iya ta ce kowa ya zo gidanta shan miya. Ya dawo ya shiga ɗakin ajiya ya mirgino babbar tukunyar bikin Iya, wadda ta yi shekaru a kife. Ya wanke ta, ya kafa duwatsu, ya hura wuta, ya yi ta jido ruwa. Sannan ya zauna da kwalin a gabansa ya yi ta yage leda yana zazzagewa, har haƙoransa suka yi tsami, har ya kifa kwalin bai ga komai ya faɗo ba. Miyar da aka tanada ta kai su har Tabawa ta gama zaman jego, ga ta nan duka a tukunya ɗaya.

Mutane suka ɗauka walimar jika ce. Maza suka cika zaure da ƙofar gida. Mata suka shigo da kwanukan tuwo a ka, domin ba wadda ta yarda ana shan miya haka kawai. A cikinsu akwai Gwaggo Delu, wadda ta gaji girkin biki bayan Iya ta zauna. Tsakaninta da Iya gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Delu ta ratsa mata ta isa gaban tukunya kamar an kira ta, ta karɓi ludayi daga hannun Nomau, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Mata suka tsaya suna jiran hukunci.

"Gishiri ya ji," in ji ta da ƙarfi. "Amma ba ta da jiki, tsululu ce. A kawo min busasshiyar kuɓewa."

"Gwaggo, da manja aka ɗan zuba," in ji wata.

"Kuɓewa na ce. Ni na san abin da take so. Kai Nomau, rage wutar nan, tukunyar ma ta tsufa, ba ta riƙe zafi daidai."

Labulen ɗakin Iya ya motsa. Sai ga ta a bakin ƙofa, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kan sanda, ɗankwalinta a karkace.

"Wa ya ce kuɓewa?"

Ta doka sandarta a ƙasa.

"A tukunyata? Auta, kujera!"

Nomau ya ruga ya kawo 'yar kujera ya ajiye a gaban murhu. Mata suka dare. Iya ta tako a hankali ta zauna, ta miƙa hannu ba tare da ta dubi Delu ba, ludayi ya dawo hannun mai shi. Ta ɗiga a tafi, ta lasa, ta lumshe ido. Ta sake ɗigawa.

"Daddawa ce," ta ce, "amma mai sanyin hali. Kuɓewa danne ta za ta yi. Kuka take so, kaɗan-kaɗan, ana kaɗawa. Ke, kawo kuka. Ke kuma daka min tattasai da citta. Wa ke da man shanu a gida? A tura a ɗauko. Auta, wa ya ce ka rage wuta? Ƙara!"

Gida ya kaure. Turmi ya fara amsawa, ana gudu ana dawowa. Duk abin da aka zuba sai Iya ta ɗanɗana. Da tafin hannu ya kasa gaya mata gaskiya sai ta kurɓa daga ludayi. Aka zuba tattasai, ta kurɓa. Aka zuba man shanu, ta kurɓa sau biyu don ta tabbatar. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Nomau na tsugune yana tura itace, yana kallon maƙogwaronta na motsi, ya kasa rufe baki.

"Har yanzu da kuɓewar ce da ta fi," in ji Delu, ta harɗe hannuwa.

"Miƙo tuwon nan naki in ga yadda za ta kama shi."

Delu ta miƙa. Iya ta gutsura, ta dangwala, ta kai baki, ta tauna a hankali.

"Miya ta yi. Tuwon ne da gudaji."

"Gudaji? A tuwona? Sake ci dai, Iya, bakinki ne na marar lafiya!"

Iya ta sake gutsura, babba a wannan karon, daga ɗaya gefen. "Nan ma akwai."

"Ci tsakiyar!"

Iya ta ci tsakiyar. Mata suka fara guɗa. Daga zaure maza na aiko tambaya ko miyar ta Japan za ta iso yau. A cikin wannan hayaniya wayar Nomau ta yi ƙara a aljihu.

"Malam, ina tasha, na shiga mota, saura mutum ɗaya ta cika. Wace hayaniya ce wannan?"

"Gari ne. Tabawa, miyar ta ƙare."

"Wace miyar? Kwalin duka?"

"Duka! Iya ta ce in tara gari in ba su."

"Inna lillahi! Malam, me ka yi? Ina Iyar? Ba ni ita!"

Nomau ya kara wa Iya wayar a kunne, domin hannunta na dama na cikin kwano, na hagu kuma ya ƙi sakin ludayi. Sai da ta haɗiye sannan ta yi magana.

"Ke, wa ya ce ki taho? Zauna ki kula da yarinya. Ina da aiki a nan. Gobe ma ni zan ɗora tukunya, akwai masu tuƙa tuwo da gudaji suna kiran kansu masu girkin biki." Ta kau da kai daga wayar. "Delu, ina sauran? Kawo ɗaya malmalar in duba."

Nomau ya mai da wayar kunnensa. Da farko bai ji komai ba sai ƙugin mota da muryar ɗan kamasho yana cewa ta cika. Sannan ya ji Tabawa, tana dukan jikin mota da tafin hannu.

"Direba, tsaya! Tsaya, sauko min da kayana!"